Daga Gyaɗi-Gyaɗi Zuwa Gasar Tuddai Huɗu

Ɗan yayana da ke karatun injiniya a birnin Munich na ƙasar Jamus ya daɗe yana matsa mini in kai masa ziyara. Da hutun ƙarshen shekarar 2024 ya matso sai ya bugo waya ya ce, "Baffa, in za ka zo, ka zo cikin sanyi. Akwai abin da nake so ka gani da idonka, don in na ba ka labari ba za ka yarda ba." Abin da yake nufi shi ne gasar tsallen ƙanƙara da ake kira Gasar Tuddai Huɗu, wadda Jamus da Ostiriya suke haɗa kai su shirya duk shekara tun 1953, a garuruwa huɗu: Oberstdorf da Garmisch-Partenkirchen a Jamus, Innsbruck da Bischofshofen a Ostiriya. Wadda na tarar ita ce karo na 73.

Maganar biza ta ɗauki lokacinta, ta kuma fito. Abin da ya fi cin hankalina shi ne sutura. A lokacin hunturu ya sauka sosai a Kano. Da asuba in ka fito Gyaɗi-Gyaɗi hazo ya rufe titin Zariya, 'yan adaidaita sun naɗe kai da rawani, teburin mai shayi ya cika. Na shiga Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo na zaɓi rigar sanyi mai kauri da safa da hula. Daga nan na biya kasuwar Tarauni na haɗa tsaraba: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji da garin tuwo. Kilishi kam yaron ya hana, ya ce dokar Tarayyar Turai ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama daga waje ba.

Na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Abuja, daga can muka kwana a sama, gari bai waye ba muka sauka Frankfurt. Da na fito bakin tashar jirgin ƙasa iska ta buge ni, na san sanyin Kano da wannan suna kawai suka haɗa. Namu busar da fata yake yi, ya tsage leɓe da dunduniya. Nasu shiga ƙashi yake yi, in ka yi magana hayaƙi na fita daga bakinka. Jirgi mai gudu ya kai ni Munich cikin awa uku da rabi ko kusa da haka, na tarar yaron yana jirana da wata rigar a hannu, don ya san tawa ba za ta isa ba.

Ɗakinsa ƙarami ne, gado da tebur da ɗan madafi, amma kuɗin hayarsa na wata ɗaya zai biya hayar shekara ta ɗaki da falo a unguwar Hausawa ko Darmanawa. A lokacin Yuro ɗaya ya haura Naira 1,600, saboda haka duk abin da na ɗaga sai zuciyata ta yi lissafi. Kofin shayi Yuro uku zuwa huɗu. Burodin Turkawa da ake cusa wa nama da ganye, wanda shi ne abincin ɗalibai, Yuro bakwai ko takwas. Ban-ɗaki a tashar jirgi ma sai ka jefa Yuro ɗaya ƙofa take buɗewa. Amma robar ruwan da ka shanye kuɗi ce: ka saka ta a na'ura a kanti a mayar maka da santi 25, shi ya sa ba ka ganin ko ɗaya a kwata.

A titunan da ke kudu da babbar tashar Munich akwai kantunan Turkawa da Larabawa, nan ake samun naman halal. A ɗaya daga ciki na ji wani dattijo yana waya da Hausa. Na yi masa sallama, ya dube ni ya kama hannuna ya ƙi saki. Bahaushen Kumasi ne, ya shekara da yawa a Jamus. Washegari matarsa ta aiko mana da tuwon shinkafa da miyar gyaɗa, mu kuma muka raba musu kuka da daddawa. Abin da ya fi wahalar sabo shi ne lokutan salla. Rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, huɗu da rabi ta faɗi. Kana idar da azahar, la'asar ta ƙarato, kafin ka ankara magariba ta yi.

Ranar Lahadi 29 ga Disamba muka kama hanyar Oberstdorf, gari mafi kudu a Jamus, a gindin tsaunukan Alps. Jirgin ya cika da matasa da tsofaffi da yara, kowa da tuta da ƙaho da fenti a kumatu. Mutanen garin ba su kai 10,000 ba, amma filin tsallen da ke gindin tudun Schattenberg yana ɗaukar 'yan kallo wajen 25,000, kuma ranar ba masaka tsinke. Masauki a cikin gari kuwa tun watanni aka kama, sai a wani ƙauye kusa da Sonthofen muka samu ɗaki a gidan wasu tsofaffi, mata da miji.

Bari in bayyana wasan yadda na gan shi. An gina hasumiya a kan tudu, daga samanta aka shimfiɗo gangara mai santsi. Ɗan wasa yana zaune a kan wani katako a can sama, ƙafafunsa ɗaure da dogayen allunan zamiya waɗanda suka fi shi tsawo. Kociyansa na tsaye a gefe da tuta, yana lura da iska. Da ya kaɗa tutar sai ɗan wasan ya saki jiki, ya durƙusa, hannuwa a baya, ya gangaro da gudun da ya kai kilomita 90 a awa. Yana isa bakin gangarar sai ya zabura, ya kwanta a kan iska, ya buɗe allunan gabansu a ware, bayansu a haɗe, ya yi ta tafiya a sama har mita 130 ko 140. Wanda ya san filin ƙwallo na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ya ɗauki tsawonsa daga raga zuwa raga, ya ƙara kashi ɗaya cikin uku, wannan ne abin da mutum ke ci ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba. Duk lokacin da yake sama, jama'a na jan wata kuwwa doguwa da murya ɗaya, kamar su ne ke riƙe da shi, ba sa yankewa sai ya dira.

Nisa kaɗai ba ya ba da nasara. Akwai layi da aka ja a jikin tudun, wanda ya sauka a kansa yana da maki 60, kowace mita da ya ƙara ko ya rage tana da maki 1.8. Sannan alƙalai biyar suna duba kyawun tashi da sauka, kowa na da maki 20 a hannunsa, a zubar da mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a tara ukun tsakiya. Saukar da ake so ita ce ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, gwiwa a lanƙwashe, hannuwa a buɗe. Iska ma ana auna ta: wanda ta taso masa daga gaba ta ɗaga shi a rage masa maki, wanda ta buge shi ta baya a ƙara masa. Wannan gasa tana da nata tsari na musamman a zagayen farko. Mutum 50 ake haɗawa biyu-biyu, wanda ya kayar da abokin karawarsa ya wuce, sai a ƙara da mutum biyar mafi maki cikin waɗanda aka kayar, su cika 30 a zagaye na biyu. A ƙarshe makin tsalle takwas na garuruwa huɗu ake tarawa a fitar da zakara.

Jamusawa sun zo da buri a ranar. Rabonsu da cin gasar tun lokacin Sven Hannawald a kakar 2001 zuwa 2002, wanda shi ne mutum na farko da ya cinye duka tuddai huɗun a shekara ɗaya. A wannan karon idonsu na kan Pius Paschke, ɗan shekara 34, wanda ya ci gasa biyar a farkon kakar. Amma da fitilu suka haske tudun aka gama, Stefan Kraft ne na ɗaya, Jan Hörl na biyu, Daniel Tschofenig na uku, dukkansu 'yan Ostiriya. Paschke ya zo na huɗu. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne Jamusawan nan da aka kayar a gidansu sun tsaya sun tafa wa baƙi, suka watse ba jifa ba zagi.

Da muka koma masauki ƙafafuna ba sa jin komai. Tsohuwar gidan ta sa muka cire takalma ta jera su kusa da murhu. Tun da safe yaron ya gaya mata ba ma cin naman alade, ba ma shan giya, sai ta dafa mana abincin yankinsu: taliyar ƙwai 'yar gajera da aka narka wa cuku, aka barbaɗa soyayyar albasa, da shayin ganye mai zuma. Da ta ga na shimfiɗa darduma sai ta ja ƙofa a hankali. Da safe mijin ya ɗauko wasu safar hannu na fata ya ba ni, ya ce nawa na zaman gida ne, in riƙe nasa har in gama yawona, yaron ya aiko masa ta gidan waya. Karamcinsu ba irin namu ba ne. Babu doguwar gaisuwa, babu "ina gida, ina iyali", ba a tilasta maka ƙarin abinci. Suna lura da abin da kake buƙata ne su ajiye maka, su ba ka wuri. Ɗakin dai mun biya, kusan Yuro 100 kwana ɗaya.

Tsallen Garmisch-Partenkirchen ranar 1 ga Janairu ake yinsa duk shekara. Daren jajibiri Munich ba a yi barci ba saboda wasan wuta, amma da safe jirgi ya tashi a kan lokacinsa. A ranar ce tikitin wata da yaron ke hawa ƙananan jiragen ƙasa da motocin haya na duk faɗin Jamus da shi ya tashi daga Yuro 49 zuwa 58, kuma hirar ke nan a cikin jirgi, kamar yadda muke hirar kuɗin mai. Garin yana gindin Zugspitze, dutse mafi tsawo a Jamus, mita 2,962, kuma a filin nan aka yi wasannin Olamfik na lokacin sanyi a 1936. Da rana tsaka aka yi, na ga komai sarai. Michael Hayböck na Ostiriya ya yi tsallen mita 145, nisan da ba a taɓa yi a tudun ba, amma ya ƙare na uku. Tschofenig ya ci, Gregor Deschwanden na Suwizalan ya zo na biyu.

Hanyar Innsbruck ita ce mafi kyau a duk tafiyar. Jirgin ya bi ta Mittenwald, ya tsallaka iyaka a Scharnitz, ya hau Seefeld, sannan ya dinga gangarowa ta cikin ramukan da aka fasa a duwatsu, kwarin kogin Inn na shimfiɗe a ƙasa. Ƙasa biyu, kuɗi ɗaya, ba shinge ko ɗaya a hanya. Na tuna yadda tafiyar Kano zuwa Maraɗi take, alhali mu da mutanen can uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Juma'a ta same mu a Innsbruck. Muka yi salla a wani masallaci da ke cikin bene, yawancin masallatan Turkawa da 'yan Bosniya. Bayan salla aka zaunar da mu aka kawo shayi a ƙananan kofunan gilas. Wani dattijo ya gaya mini Ostiriya ta amince da Musulunci a dokarta tun 1912. Da ya ji daga Kano nake sai ya ƙi karɓar kuɗin abincin da muka ci a shagonsa.

Tudun Bergisel yana kallon birnin daga kudu. Innsbruck ta karɓi Olamfik sau biyu, 1964 da 1976, hasumiyar da ke wurin yanzu kuma Zaha Hadid ce ta zana ta, 'yar asalin Bagadaza, aka kammala a 2002. A ranar da babu gasa baƙo na iya hawa samanta. Abin da ɗan wasa ke hangowa a gabansa lokacin da zai sako jiki shi ne cocin Wilten da maƙabartarta. Ranar Asabar 4 ga Janairu filin ya zama ja da fari, launin tutar ƙasar, sakamakon kuma ya maimaita na Oberstdorf: Kraft, Hörl, Tschofenig. Da aka tara makin garuruwa uku, tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na uku ba ta kai maki biyu ba.

Bischofshofen ƙaramin gari ne a jihar Salzburg, mutanensa 10,000 da 'yan kai. An sa wa tudunsa sunan Paul Ausserleitner, ɗan garin da ya faɗi a wurin ya rasu a 1952, shekara ɗaya kafin a fara gasar. Filin kuma yana ɗauke da sunan Sepp Bradl, mutum na farko da ya haura mita 100 a 1936, wanda kuma ya ci gasar farko a 1953. Ranar 6 ga Janairu hutu ce a ƙasar, kuma mutanen yankin sun fito ne don 'ya'yansu: Hörl ɗan kulob ɗin garin ne, Kraft kuma garinsu 'yan kilomita ne daga nan. Tschofenig, ɗan shekara 22, daga jihar Kärnten ya fito, can kudu.

A zagayen ƙarshe Tschofenig ya yi nasa tsalle mai kyau ya koma gefe yana jira. Hörl ya yi nisa, amma saukarsa ba ta yi tsaf ba, alƙalai suka zaftare masa. Saura Kraft, wanda ke gaba. Sai iska ta canza, aka tsayar da shi a can sama yana jira cikin sanyi, jama'a sun zuba ido, masu ƙaho sun daina busa. Da aka ba shi hanya ya zo, amma bai kai inda yake buƙata ba. Allo ya nuna Tschofenig na ɗaya, Hörl na biyu, Kraft na uku, a ranar da kuma a gasar baki ɗaya. Tazarar da ke tsakanin zakara da mai bi masa maki 1.4 ce, wato ƙasa da mita ɗaya bayan tsalle takwas. Cikin gurabe goma sha biyu na dandamalin yabo a garuruwa huɗun, Ostiriya ta kwashe goma sha ɗaya, kuma rabonta da kofin tun nasarar Kraft ɗin nan a 2015. Aka miƙa wa Tschofenig gaggafar zinare, wadda ita ce kofin gasar, da kuɗin Suwizalan faran 100,000. Kraft, da hawaye a idonsa, ya je ya rungume shi.

Wannan rinjaye ba sa'a ba ce. Kociyansu Andreas Widhölzl shi ma ya ci gasar a shekarar 2000. A garin Stams, yamma da Innsbruck, akwai makarantar sakandare da aka kafa a 1967 inda yaro ke haɗa karatu da horon wasannin ƙanƙara. A gefen manyan tuddan kuma na ga ƙanana-ƙanana, inda yara 'yan firamare ke fara koyo.

Amma abin da na dawo da shi a raina ba tsallen ba ne kaɗai. Mutanen nan sun ɗauki lokaci mafi tsanani a shekararsu, lokacin da gona ba ta ba da komai, suka mai da shi kakarsu. Mai masauki, mai gasa burodi, direba, duk suna ci daga gasar, saboda kowa ya san ranar tun bara. Sannan ba su yar da tarihinsu ba. Wani yaro da ke zaune kusa da ni a jirgi ya lissafo mini ba tare da duba waya ba: Janne Ahonen na Finlan ya ci sau biyar, Jens Weissflog na Jamus sau huɗu, a 2006 Ahonen da Jakub Janda suka yi kunnen doki har zuwa ɗigon maki, a 2024 kuma Ryoyu Kobayashi na Japan ya ɗauki kofi ba tare da ya ci ko tudu ɗaya ba, na biyu ya zo a duka huɗun.

Mu ma muna da wasannin kaka da hunturu, kuma ba su gaza nasu jarumta ba: dambe, kokawa, langa, sukuwar dawaki. Wanda ya taɓa shiga gidan dambe na Ado Bayero Square da yamma ya ga karon Kudu da Arewa ko Guramada ya san akwai 'yan kallo, akwai kuɗi, akwai kishi. To amma wa zai iya gaya maka sau nawa Shago ya yi kisa, a wane gari, a wace shekara? In ba don waƙar Ɗan Anace ba, da karonsa da Ɗandunawa ya bi iska. Bikin kamun kifi na Argungu, da duniya ta san shi tun 1934, ya yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020. 'Yan'uwanmu na Nijar sun fi mu riƙo a nan: tun 1975 suke kokawar takobi, tana zagaya jihohinsu, ƙasa kuma ta tsaya cak idan ana yi.

Ba mu da ƙanƙara, ba ma kuma buƙatarta. Muna da Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, garuruwa huɗu da hanya ta haɗa, kowanne da gidan dambensa da makaɗansa. A tsayar da ranaku huɗu cikin hunturu waɗanda ba sa motsi ko gwamnati ta sauya, a sa alƙalai da likita a bakin fage, a rubuta kowane karo da sakamakonsa, a tara maki a fitar da zakaran shekara. Masu hannu da shuni na Kantin Kwari da Singa za su iya ɗaukar nauyin kyautar ba tare da sun ji a jikinsu ba. Wannan magana na fara kai wa majalisarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi tun daren da na dawo, kuma zan ci gaba da kai ta duk inda ake da ikon aiwatarwa, har Allah Ya sa a samu masu ɗauka.